Ƙwayoyin Da Ke Cin Dafin Ruwan Jima

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayanin wani al'amari da ya shafi fata, wadda ita ce abin alfaharinmu a ƙasar Sakkwato. Kowa ya san fatar jar akuyarmu, wadda Turawa suka daɗe suna laƙaba wa sunan Maroko don ta can take bi zuwa gare su.

Majemanmu da bagaruwa suke jima, ruwan da suke zubarwa kuwa kaɗan ne. Amma manyan masana'antun Kano, na Challawa da Sharaɗa da Bompai, sha'aninsu dabam ne. Da gishiri ake adana ɗanyar fata don kada ta ruɓe kafin ta isa can. In an jiƙa ta, sai gishirin ya koma cikin ruwa, ya haɗu da rini da kuromiyam da dangin wani dafi mai suna fenol. Ruwan nan yakan gangara kogin Challawa ko Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa.

A 1914 wasu masana biyu, Ardern da Lockett, suka nuna a birnin Manchesta na Ingila cewa in an tara ƙazamin ruwa ana hura masa iska, ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, watau bakteriya, za su cinye ƙazantar. To, ga inda wahala take. Gishiri yana zuƙe ruwan jikin ƙwayar, kamar yadda yake yi wa nama in an barbaɗa masa, sai ta yamutse ta kasa aiki. Abin da ya hana fata ruɓewa shi ne kuma ya hana a tsabtace ruwanta.

Sai aka nemo waɗanda gishiri ne gidansu. A 1980 aka bayyana wata mai suna Halomonas elongata, daga wani wurin da ake shanya ruwan teku don samun gishiri a tsibirin Bonaire. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ita kuwa ko an ninka wannan sau biyar ba ta damu ba, gama takan tara wani sinadari a cikinta wanda ke riƙe mata ruwa. Cikin danginta akwai masu cin fenol, su mai da shi ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Kada mai karatu ya ga abin baƙo ne. Marinanmu ma, in sun zuba baba da toka a karofi suna jira ya nuna, ƙwayoyi ne irin masu jure ruwan toka ke yi musu aikin, ko da yake ba su san da su ba.

Amma ni a ganina kada a yabe su fiye da ƙima. Ba sa cin gishirin kansa. Kuromiyam kuwa ƙarfe ne, ba ya ciyuwa. Iyakarsu su juya mai tsananin dafi zuwa mai sauƙi, sa'an nan a tace shi a kwashe. Mutanen Indiya sun ga haka a bakin kogin Palar, inda ruwan majemu ya lalata rijiyoyi da gonaki, har a 1996 babbar kotun ƙasar ta hukunta cewa mai ɓatawa shi zai biya.

Saboda haka, in wata rana aka zo kafa irin wannan masana'anta a Boɗinga ko Shagari, inda fadama da rijiya su ne abin dogaronmu, ina roƙon hakimai da malamai su fara tambayar inda ruwan zai bi. Su tambaya ko za a ware ruwan jiƙon farko, mai gishiri, a shanya shi a rana a kwashe gishirin, tun da rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin duba wannan, kuma kowa yana iya rubuta mata takarda.

Haza wasalam.

Naka mai karanta jaridarka kullum,
Boɗinga.