Yadda Manoman Sinnar Ke Tsare Ruwan Sama A Gonakinsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da yawanmu a tarihi kawai muka san garin Mai Wurno. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar. Jikokinsu, da na mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, akasarinsu manoma ne, kuma akwai darasi a nomansu.

Madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, tana shayar da gonakin Jazira. Amma wanda gonarsa take nesa da magudanan gwamnati, da ruwan sama ya dogara. Damina kan kama daga Yuni zuwa Oktoba, sai dai ba ta da tabbas. Wata shekara ta makara, wata shekara ta ɗauke ana tsakiyar bunƙasa, wani lokaci ruwan makonni ya sauka a dare ɗaya. Dattawa ba su manta farin 1984 ba.

Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage, ruwan farko ya shige tsagar. Da ta jiƙa sai ta kumbura ta rufe, ruwan da ya biyo baya ya riƙa gudu a samanta. A kusa da kogi wannan gudu yake yanka kwazazzabai, ya kwashe ƙasa mai albarka, ya bar faƙon da suke kira karab. Ke nan ƙishirwar shuka da zaizayar ƙasa tushensu ɗaya: ruwa bai tsaya inda ya sauka ba.

Dabara ta farko ita ce taras. Manomi kan tayar da gaɓar ƙasa a ɓangarori uku na gona, ya bar ɓangaren tudu a buɗe. Ruwa ya shigo, gaɓa ta tare shi, ya kwanta har ƙasa ta sha, kuma dagwalon da ya ɗebo ya zauna cikin gonar.

Ta biyu, zaɓen iri. Dawar fatarita tana jure ƙarancin ruwa, akwai kuma iri irin su Arfa Gadamak da Wad Ahmad da ake nomawa a yankin. Idan damina ta makara, sai a rage riɗi a ƙara dawa mai saurin nuna.

Ta uku, raba ƙafa. Bayan gonar damina, wasu suna da ɗan fili a gaɓar kogi, wanda ake kira jaraf. Idan ambaliya ta janye sai a shuka kuɓewa da tumatir da masara a danshin da ta bari. Sai dai tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, cikar kogin da lakar da yake kawowa sun sauya, wannan noma yana fuskantar ƙalubale.

Ta huɗu, itatuwa. Ɗakwara, wadda suke kira hashab, tana riƙe ƙasa, tana farfaɗo da gonar da ta gaji, ga kuma ƙaro na sayarwa. Manoman Maraɗi sun ga irin wannan amfani da suka daina tumɓuke tohon gawo a gonakinsu.

Ta biyar, ajiya. Matmura rami ne da ake binne dawa a ciki ta daɗe ba ta lalace ba, domin shekarar wadata ta ciyar da shekarar fari. Wannan ita ce hikimar da Allah Ya sanar da Annabi Yusufu, alaihis salam.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsananta a jihar Sinnar a tsakiyar 2024, daidai lokacin shuka, ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Gaɓar da ba a gyara ba ruwa yake cinye ta, kuma mutum ɗaya ba ya iya mayar da ita. Shi ya sa aikin gayya, wanda suke kira nafir, ya zama dole.

Ya 'yan uwa, saukar da ruwa na Allah ne, shi ya sa muke fita sallar roƙon ruwa. Amma riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Kwazazzabon da ke cin gonakinmu a Katsina ko Sakkwato ma daga ƙaramar hanyar ruwa ya fara. Ya kamata limamai da kwamitocin masallatai su tsara gayyar gyaran gaɓa tun kafin ruwan farko, a fara da gonakin marayu da matan da mazajensu suka rasu, ɗalibai kuma su ba da ƙarfinsu.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.