Idan magani ya cutar, akwai diyya?

'Yan'uwa, wanda allura ta nakasa wa kafaɗa, neman haƙƙinsa bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba. A fiƙihunmu, mai maganin da ya yi sakaci, lamuni yana kansa.

Mu duba Kano. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu. An yi sulhu a 2009. A 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar 'ya'yansu ne.

To, mu nan Garou, kar mu guji rigakafi, amma mu adana takardar asibiti. Kawo hujja aikin mai ƙara ne. Allah ya kiyaye.