Mdou Moctar: Jitar Agadez da ke tuna wa mazauna Amurka harshen gida

Wanda ya ji amon jitar Mdou Moctar a Washington zai iya ɗauka kiɗan rok ne kawai irin na samarin Amurka. Amma waƙoƙin wannan Ba'abzine ɗan Nijar, mai suna Mahamadou Souleymane, suna ɗauke da zance mai nauyi.

Da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salo mai kama da waƙoƙin fina-finan Hausa, sai waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a yankin Sahel. Yau abokin kiɗansa, Mikey Coltun, ɗan yankin Washington ne.

A kundin Afrique Victime na 2021 ya koka kan yadda ake cin amanar Afirka. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riske shi yana rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe masa na wani lokaci. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice, inda ya caccaki Faransa, kuma a waƙar Imouhar ya roƙi Abzinawa kada su bar harshen Tamashek ya salwanta.

Wannan roƙon ya shafe mu. Iyaye Hausawa a Maryland da Virginia sun san ciwon yi wa yaro magana da Hausa ya amsa da Turanci.