Farin ɓawon cikin buta: me ya tabbata, me ya zama ji-ta-ji-ta?

Duk mai dafa shayi a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Kore Mai Ruwa, zai iya leƙa gindin butarsa ya ga abin da ake magana a kai. Wani farin ɓawo ne mai kaushi da ke manne wa ƙarfe, in ka kankare shi da cokali ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ba kowace unguwa ke ganinsa ba, domin ruwan ƙasar Arewa ba iri ɗaya ba ne: na rijiyar da ke kwarin Dallol Mawri daban, na rijiyar burtsatse mai zurfi da ke cika tankin gari daban. Amma inda ya bayyana, maganganu sun yi yawa.

Masu cewa yana kashe kayan wuta suna da gaskiya. Ruwan ƙasa yana kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam daga duwatsun da ya ratsa. Da ruwan ya ji wuta sai su fito daga cikinsa su daskare a wurin da ya fi zafi. Hitar da ake tsomawa a bokiti ita ta fi shan wahala: ɓawon ya lulluɓe ta, zafinta ya kasa fita cikin ruwa, ta yi ta cin wuta har ta ƙone. Haka yake toshe hudojin dutsen guga mai tururi da kan shawa. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ake dogara da ita a zafin Afrilu, ita ma tabarmarta kan sandare, domin ruwa ne ke tashi ya bar sinadarin a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga wajen miligiram 200 na waɗannan sinadarai a lita ne ɓawon kan fara taruwa. Matan da ke kukan sabulu ba ya kumfa, su ma ba sharri suka yi wa ruwan ba.

Sai dai an wuce gona da iri. Firiji da talabijin ba sa shan ruwan famfo. In sun mutu, a tuhumi wuta mai hawa da sauka.

Ana kuma cewa kanwa ce. Ba ita ba ce. Kanwa narkewa take yi a ruwa, wannan ɓawon kuwa ko ya kwana a ruwa yana nan. Abin da ke cin sa tsami ne. A matse lemun tsami ko a zuba jiƙon tsamiya a butar, a ɗan ɗumama, za a ga yana tsartuwa da ƙananan kumfa, in ya yi laushi a ɗauraye. Alam da wasu ke jefawa a randa laka kawai yake kwantarwa, ba ya taɓa wannan sinadari. Ruwan da ya fito daga famfo fari kamar an zuba nono kuwa, sau da yawa iska ce: ajiye shi a kofin gilashi, zai washe daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya ko biyu.

Maganar da ta fi tayar da hankali ita ce wai wannan farin abu ne ya lanƙwasa ƙafafun yaran Tibiri. Lanƙwasar ƙafafun ta faru, amma ba ɓawon ne ya jawo ta ba, kuma a Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi ta faru, ba Tibirin jihar Doso ba. Sunan ne ya zo ɗaya. Can an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985, aka shafe shekaru kafin a gane sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka fiye da sau 3 iyakar miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka karkace. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, sun fitar da rahoto a kai a 2002. Fulorayid ba ya barin ɓawo a buta, ba shi da launi ko wari, tafasawa ma ba ta kore shi, sai dai ta ɗan ƙara masa yawa tunda ruwan ne ke ƙafewa. Saboda haka buta mai tsabta ba shaida ba ce cewa ruwa lafiyayye ne, mai ɓawo ma ba shaidar guba ba ce. A ganina nan ne ji-ta-ji-tar ta fi ɓarna, domin tana sa iyali su guji famfo su koma rijiya buɗaɗɗiya, inda gudawa ke jiran yara.

Tsakuwar ƙoda fa? Bincike bai tabbatar da cewa irin wannan ruwa ne ke kawo ta ba, Hukumar ma ba ta sa masa wata iyaka ta lafiya ba. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ƙarancin shan ruwa cikin zafi yana jawo ta. Wanda ya rage sha don tsoron ɓawo, ita yake gayyata.

Game da fulorayid kuwa, in yaran unguwa ɗaya suka fara fitar da haƙora masu ɗigon fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, a kai su asibiti, a kuma nemi ma'aikatar ruwa ta ɗebi ruwan rijiyar ta auna fulorayid ɗinsa.