Lambun Otal a Hunturun Ingila: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Jama'a, yau mun leƙa karkarar Ingila, inda tsofaffin gidajen masu hannu da shuni suka koma otal-otal, kowanne da gandunsa, da tafkinsa, da lambu mai katanga. A watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, itatuwa sun kaɗe, baƙo sai ya ɗauka lambun ya mutu. Ina! Luf kawai ya yi.

Bushiya ce sarauniyar barci. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris tana dunƙule cikin busassun ganye, bugun zuciyarta ya sauko daga kusan 190 zuwa 20 a minti ɗaya, shi ya sa mai lambun kirki ba ya cinna wa tarin shara wuta sai ya ɗaga ya duba. Kada a gasa baiwar Allah tana barci!

Akwai ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, robin, da ke bin mai lambu sau da ƙafa, yana jiran shebur ya juyo masa tana. Shi ake bugawa a katin Kirsimeti, alhali idan ɗan'uwansa ya shigo masa yanki, dambe ne, wani sa'in har kisa. Mugu ba shi da kama.

Wani da ya fi shi ƙanƙanta, wren, mai nauyin kusan giram 10, dabararsa cunkoso ce. A hunturun 1969 an ƙirga guda 61 cikin akwatin sheƙa ɗaya a Norfolk. Ko motar kasuwar ƙauye albarka!

Kuregen can mai ruwan toka, wanda aka kawo daga Amurka a ƙarni na 19, idan ya ga ana kallonsa sai ya tona rami, ya yi kamar ya binne abinci, ya rufe, alhali abin yana bakinsa. Yakan tone albasar furen tulip ya cinye, amma ba ya taɓa ta dafodil saboda dafinta. Kowa ya san gidan da yake wa wasa.

Sanyin ma ma'aikaci ne. Tafarnuwa ba ta rabuwa sala-sala sai ta sha makonni cikin sanyi, kabeji mai ƙananan ƙulluka kuma sai ƙanƙara ta dake shi yake ƙara zaƙi. Manoman tafarnuwa na Sakkwato, da ke jiran hunturu kafin su shuka, za su ce wannan ai tsohon labari ne.

Ga wanda ya fi burge mu. Rubab tsiro ne mai jan kara da tsami, wanda ake dafawa da sukari. A Yorkshire sai a tone saiwarsa bayan ta sha sanyi, a kai ta ɗaki mai ɗumi da duhu ƙirin, ta yi ta miƙewa tana neman haske, har ana jin ƙarar tohonta na fashewa. Da hasken kyandir ake girbinsa don kada karan ya yi kore ya yi tauri, a lambun otal kuwa tukunyar ƙasa ake kifa masa. Tsiro mai shiga lalle ke nan!

Masu gidajen nan na da ba su yarda sanyi ya hana su abarba ba: a rami mai rufin gilashi suke renonta da zafin kashin doki. Don tsadarta a ƙarni na 18, har hayarta ake yi a ajiye kan teburin walima. A kalla, a yaba, a mayar wa mai ita.

Idan tafki ya daskare ba a fasa shi da guduma, don girgizar na cutar da kifi. Tukunyar ruwan zafi ake ɗorawa ta narkar da ƙofa, kwaɗi kuwa suna can ƙasa suna numfashi ta fata. Sannunku da haƙuri!

A Somerset, cikin Janairu, mutane kan taru a gonar tuffa da dare, su yi wa bishiya waƙa, su rataya mata gasasshen burodi, su kaɗa tukwane, wasu har su harba bindiga sama, wai don ta farka ta yi 'ya'ya. Kowane gari da tashensa.

Kaucin da muke nema don magani, mutanen Ingila ƙawata ɗaki suke yi da irin nasu lokacin Kirsimeti. Tsuntsu ne ke shuka shi, idan ya goge bakinsa a reshe. Manomi ba fartanya!

Farin furen da ke huda ƙanƙara a Janairu da Fabrairu yana da masoya na gani kashe ni. A 2022 an sayar da ƙwayar albasarsa ɗaya tak kan fam 1,850. Mai so ba ya jin tsada.

Tsattsewa fa? Turawan da sun yi imani cikin laka take kwana a ƙasan tafki, ashe ƙetare Sahara take yi har Afirka ta Kudu, tafiyar kusan kilomita 10,000. Wasu tsuntsayen Turai kuma a fadamun Haɗejia da Nguru suke sauka su yi hunturu. Yara masu danko, idan kun gan su ku ɗaga musu ƙafa, doguwar hanya ce a gabansu.