Ƙarar Inji a Tsohuwar Peugeot 504: A Saurara Kafin a Kwance

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Waɗanda suka rage a kan titi yau injinansu sun sha hanya, ƙara ba baƙuwa ba ce a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci: da an ji "ƙwas-ƙwas" sai a ce mital ya tafi, a sauke inji, alhali kowace ƙara tana da lokacinta da wurinta.

Mafi sauƙi ita ce ƙarar da ke tashi idan an taka totur a kan hawa da kaya, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba, ko don taimin ya yi gaba, ko man ba shi da kyau, ko injin na zafi. Sau da yawa juya dilko kaɗan ya wadatar. Ƙarar mital kuwa mai nauyi ce, daga ƙasa take fitowa, tana ƙaruwa da gudun inji, wani lokaci fitilar baƙin mai na ƙyaftawa a silo. Fistan da ya yi sako-sako a silinda da safe yake surutu, inji na ɗaukar zafi ya lafa.

Wadda ta fi ruɗa kanikawa ita ce ta gajin fin, ɗan sandan ƙarfen nan da ke haɗa fistan da kan konrod. Fistan yana juya akala sau biyu a kowane zagaye, sama da ƙasa, don haka idan fin ɗin ko mazauninsa ya cinye sai a ji bugu biyu a jere, siriri, mai kaifi. An fi jinsa a silo bayan inji ya yi zafi, lokacin da baƙin mai ya tsinke. Gogaggen bakanike yakan kafa bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, yana bin silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa filaya mai roba ya riƙa zare wayar fulogi. In mital ne, ƙarar takan ragu sosai da an kashe wutar silindar da ke da laifi. Ta gajin fin ba ta cika ɓacewa ba, takan canza murya, har ma bugun biyun ya ƙara fitowa fili.

Ban yarda da dabarar zuba mai kauri don a rufe bakin ƙarar ba. Ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa, kuma fin ɗin da aka bari yana wasa yana iya zamewa gefe ya karce bangon silinda.

A nan masu 504 suna da sa'a. Injinta mai cc 1971 silindodinsa silif ne da ake zarewa, ana kuma samun silif da fistan da ringi da fin a haɗe. In an kwance, a auna fin da konrod da maikiromita, a wanke hanyoyin mai, a sake matatar iska, domin ƙurar hunturu da ta shiga baƙin mai tana cikin abubuwan da ke cin waɗannan ƙarafa. Mai mota kuma, kafin ka nufi gareji, ka lura ko da sanyi take ƙarar ko da zafi, a silo ko a hawa, ka faɗa wa bakanikenka.