Neman Lauya Domin Wasiyya Da Gado

Da yawa daga cikinmu, malaman makaranta da akawuna, mun ɗauka wanda muka rubuta sunansa a takardar ofis, don a neme shi in ta Allah ta kasance, shi ne magajinmu. Ko kusa. Galibi banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardar izni daga Babbar Kotu, a nan kuwa marayu kan sha wuya.

To, wane irin lauya za a nema? Da fari a tabbata sunansa yana cikin littafin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Sa'an nan a jarraba saninsa na rabon gado. A shari'ar Musulunci sai an fid da kuɗin likkafani da bashi kana a zartar da wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yin ta ga magaji. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 kuwa ta sakar wa mai dukiya mara, har a 1971 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa ita, a shari'ar Adesubokan da Yunusa. Lauyan da bai san bambancin nan ba, rigima zai bar wa 'ya'ya. Mu dai a ganinmu gara a haɗa shi da malami masani.

A kai masa takardar gida, gama tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun Gwamna. A nemi shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a wasiyyar. Ladansa kuma a yanke shi a rubuce tun bai ɗauki alƙalami ba.